Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar gudanarwar Kano Pillars: a gyara mana filin da za mu kai 'ya'yanmu

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da 'yan wasanmu da masu horar da su. Mai wannan takarda ba ɗan jarida ba ne, ba kuma mai neman kwangilar ɗinkin riguna ba ne. Ɗan kallo ne kawai, cikin masu sayen tikitin ɓangaren da rana take duka a filin Sani Abacha, waɗanda in aka ci Pillars sukan koma gida tuwon dare ya gagare su.

Na san irin saƙonnin da kuka saba gani: a kori koci, a sayo mai cin ƙwallo, a biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari. Masu faɗin haka suna da gaskiyarsu, amma ni ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya dame ni shi ne Pillars tana asarar yara, 'yan kallo nake nufi, 'yan shekara bakwai zuwa sha biyu, waɗanda ya kamata a ce yanzu ne ake riƙe musu hannu ana shiga da su fili karo na farko. Koci ana sauya shi cikin mako guda, ɗan wasa kuma kuɗi ke kawo shi. Magoyin bayan da zai bi ƙungiya shekara hamsin, a ci da shi a rasa da shi, shi kam yin sa ake yi tun yana ƙarami, kuma lokacin yin nasa gajere ne. In yaro ya wuce shekarun nan ba a kai shi ba, wata ƙungiyar ta riga ku.

Ku zaga unguwanni da yamma, daga Kurna zuwa Hotoro, daga Gwale zuwa Brigade, ku dubi rigunan da ke jikin yaran da ke buga ƙwallo a lungu. Barcelona, Real Madrid, Arsenal, Chelsea, Manchester United, har da Al Nassr yanzu albarkacin Ronaldo. Rawaya da kore, launin Pillars, sai an sha nema. Ban ga laifin yaran ba, ban ma ga laifin gidajen kallo ba. Mu ma muna shiga, kuma ba wanda ya ce in kana son Pillars haramun ne ka kalli gasar Ingila. Gidan kallo yana bakin layinsu, kuɗinsa kaɗan ne, ana tashi yaro ya dawo gida, uwarsa ta san inda yake. Pillars ba za ta yi gasar kuɗi ko ta taurari da waɗancan ƙungiyoyi ba. Abu ɗaya take da shi wanda su ba su da shi: tana nan cikin gari, ana iya zuwa a gan ta da ido ranar Lahadi da la'asar, a ji ƙarar ƙwallo in an buga ta, a ga gumin ɗan wasa. Madrid ba za ta taɓa zuwa Ƙofar Mata, inda filin Sani Abacha yake, ba. To in wannan abu ɗayan ma muka bari ya kuɓuce, da me za mu jawo yaro?

Ni kawuna ne ya kai ni, ƙanin mahaifiyata, a farkon shekarun 2000, ina firamare. Tela ne a Fagge, kuma tsohon ɗan Raccah Rovers ne, ƙungiyar Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978. Har Allah ya karɓi ransa bai daina cewa Raccah ta fi ba. Amma da aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North a 1990 aka yi Pillars, sai ya tattara ya koma can, yana gunaguni yana biyan kuɗin tikiti. Ran nan tun bayan azahar ya lulluɓe keken ɗinkinsa da ƙyalle, ya shigo gidanmu ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, yau zan ari ɗanki." Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Ka dawo min da shi kafin magariba, kuma kada ka saki hannunsa." Muka hau acaɓa, ina tsakiya a matse, muka sauka wajen marina, muka ƙarasa a ƙafa saboda cunkoso.

Ganguna na fara ji tun daga waje. Ga masu rake, ga masu gyaɗa, ga masu ruwan leda da gurasa, kowa na kiran ciniki. Kawu ya sayi tikiti, ya ɗora ni a wuya muka kutsa. Da muka hau sama fili ya buɗe a gabana, sai na kasa tafiya. Ban taɓa ganin ciyawa shimfiɗe kore shar irin wannan ba, domin lokacin filin bai daɗe da karɓar gasar matasa ta duniya ta 1999 da kofin Afirka na 2000 ba. Taro kuwa ban taɓa ganin irinsa ba in ba a filin Idi ba. Sai dai a Idi kowa natsuwa yake yi. Nan wani ya ɗaga murya daga can ƙurya ya ce "Sai Masu Gida!", fili gaba ɗaya ya amsa, har kana jin abin a ƙirjinka.

Wani dattijo a gefenmu, wanda Kawu bai taɓa gani ba, ya muskuta ya ba ni wuri, ya ɓare min lemo, ya shiga koya min karatu: wancan mai riga daban shi ne gola, wancan mai tuta shi ke kama satar gida, in ka ga alƙali ya nuna tsakiyar fili to ƙwallo ta ciwu. Da ƙaramar rediyonsa manne a kunne, yana kallon wasa da idonsa yana kuma sauraron mai sharhi yana ba shi labarin abin da yake gani, in suka saɓa ya yi wa rediyon tsaki. Da Pillars ta ci ƙwallo bayan an dawo daga hutun rabin lokaci ban ga shigarta ba, domin kowa ya miƙe ya tare ni. Na dai ji an sure ni sama, kuma ba Kawu ne ya sure ni ba. Hularsa ta faɗa can ƙasa, aka miƙo masa ita hannu da hannu. An zagi alƙalin wasa ranar, ba zan ɓoye muku ba, zagin da sai da Kawu ya toshe min kunnuwa. Amma da aka busa tashi, baƙi suka shiga motarsu suka kama hanya, alƙali ya tafi da ƙafafunsa, mu ma muka fito, na isa gida ladan yana gyaran murya. Kawu ya cika alkawarin da ya ɗauka, shi ya sa aka bar ni na koma wasa na biyu. Wannan maganar ita ce ƙashin bayan takardar nan: ana samun magoyin baya ne in yaro ya dawo gida lafiya daga wasansa na farko.

Duk sauran abin da na gani daga wannan yammacin ya faro. Ina cikin masu ihu a 2008 lokacin da Kadiri Ikhana ya kawo mana kofin gasar ƙasa na farko. Shekarar 2009 kuwa har yanzu ba a yi irinta ba. Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, ta zo Najeriya aka tashi 1-1, kowa ya ce to shi ke nan, a Alƙahira za a yi mana sutura. Aka je can aka tashi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje, Ahly ta zauna a gida. Muka shiga rukuni da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka fito. Sai ga Heartland ta Owerri, 'yar ƙasa ɗaya da mu, ta zuba mana huɗu babu ko ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, ta biyo mu Kano ta ƙara ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji gara a ce TP Mazembe ta Kongo ce ta fitar da mu, aƙalla ba za mu riƙa haɗuwa da ita duk kaka ba. A kakar 2009/2010 wani siririn yaro mai ɗan karen gudu, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a gasa, daga nan sai Holand. Sannan 2012, 2013, 2014, kofi uku a jere, biyu a hannun Baba Ganaru, ɗaya a hannun Okey Emordi, abin da kafin mu Iwuanyanwu Nationale da Enyimba kaɗai suka taɓa yi.

Sai Asaba, 2018. Muna cin Rangers 3-0 a wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale, har wasu sun fara shirin tarbar kofi, sai aka farke duka ukun, aka doke mu a bugun fanareti. Daren nan na ga magidanta masu furfura zaune a bakin shago sun rasa abin cewa. Shekara ta zagayo, 2019, a Kaduna, muka doke Niger Tornadoes a fanareti, kofin ƙalubale ya dawo Kano karo na farko tun 1953. Wanda bai sha Asaba ba ba zai gane abin da ya sa mutane suka yi kuka a Kaduna ba.

Akwai kuma ranakun da babu ruwansu da kofi. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasa wuta a wajen Abaji, a hanyarsu ta zuwa Owerri, biyar suka ji rauni, har da Gambo Mohammed. A Fabrairun 2018 ɗan wasanmu Chinedu Udoji ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba a Ƙofar Mata, daren ranar ya rasu a hatsarin mota a cikin Kano. Ba Bahaushe ba ne, amma garin nan ya yi jimaminsa a matsayin ɗa. Ku tambayi duk wanda ya yi wannan jimamin, za ku tarar akwai wani uba ko yaya ko kawu ko maƙwabci da ya taɓa riƙe masa hannu ya shiga da shi fili. Waɗannan mutanen su ne jarin ƙungiyar nan, kuma jarin yana tsufa. Ku dubi kawunan da ke zaune a ɓangarenmu ku ga yadda furfura ke ƙaruwa.

Yanzu bari in taɓo inda yake da zafi. Shekara 12 Pillars ta yi ba a ci ta a gida a gasar ƙasa ba, daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1, wasa fiye da 200. Muna alfahari da wannan tarihi, ni ma ina yi. Amma tunda mu ya mu ne, mu faɗa wa juna gaskiya: a bakin sauran 'yan ƙasa maganar kashi biyu ce. Wasu sun ce iya ƙwallo ne, wasu sun ce tsoro ne. Ni na kalla, na san ƙwallo ce, domin ƙungiyar da ta je Alƙahira ta ci biyu ba ta bukatar ta razana alƙali kafin ta ci wasa a gidanta. Sai dai duk ranar da wani ya haura waya ya bi alƙali da gudu, ya miƙa wa masu cewa tsoro ne hujja, ya kuma zubar da gumin su Rabi'u Ali da Gambo da Afelokhai da marigayi Bello Ƙofarmata. Wata muguwar ɗabi'a ma ta tsiro a gindin tarihin. Wasu samari sun taso da imanin cewa ba a cin Pillars a Kano, ba a ma yin kunnen doki da ita, in kuwa aka yi to lallai cuta ce. Ƙwallo ba ta san wannan ba. Ahly ma, da duk kofunanta, ana cin ta a gida.

Ga abin da wannan imanin ya jawo mana. A 2019, a filin Agege na Legas, bayan wasa da Rangers, magoya baya suka afka cikin fili, aka ci ƙungiya tara, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A 2020 korona ta zo, aka kafa wurin killace marasa lafiya a filin Sani Abacha. Wannan kam ba laifin kowa ba ne, amma ya kai mu Kaduna, ta yadda lokacin da Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo ya sa rigarmu a 2021, yaran Kano a waya suka gan shi. Da dawowarmu gida, a Afrilun 2022, muka karɓi Katsina United, maƙwabtanmu, 'yan uwanmu na jini da na auratayya. Wasan bai ƙare ba, aka farfasa musu mota. Aka cire mana maki uku, aka kora mu Abuja. Ƙarshen wannan kakar, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa sau huɗu ta faɗa ajin 'yan dagaji. Muka hauro a 2023, kowa ya ce an yi hankali. Sai ga Oktoban 2025: Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka sake afkawa fili, aka far wa alƙalai, aka sake cire maki uku, aka tura mu Katsina, garin mutanen da aka farfasa wa mota. Su suka ba mu aron fili.

To ku ɗauki yaron da aka haifa a 2012, shekarar kofinmu na biyu. Yana da shekara takwas fili ya rufe. Yana tara muna Kaduna. Yana goma an kora mu Abuja, yana sha ɗaya muna ƙaramar gasa, yana sha uku an tura mu Katsina. Yaushe aka kai shi? Ku kuna lissafin hukunci da maki da naira, haka ma hukumar gasa, haka ma 'yan jarida. Ba wanda ke saka wannan yaron a lissafi. Maki ana maido su a kaka mai zuwa, shi kuwa ya riga ya zaɓi ƙungiyarsa a gidan kallo, kuma duk wanda ya san ƙwallo ya san ba a sauyawa.

Babban ɗana ya kai shekarun da aka kai ni. Na ce zan kai shi, uwarsa ta ɗauko waya ta nuna min hotunan da suka yi ta yawo na mutane suna gudu a cikin fili, ta ce, "Abban yara, in aka harba barkonon tsohuwa, da wane hannun za ka riƙe shi, da wanne za ka rufe idonka?" Ban sami amsa ba, domin ita ce da gaskiya. Kuma ba gidana kaɗai ba ne. Izinin wasan farko a hannun iyaye mata yake, su kuwa ba teburin gasa suke dubawa ba. Ko kun ci kofin Afirka, in ba su yarda da ƙofar shiga da ta fita ba, yaro ba zai je ba.

Na san amsar da ake bayarwa a majalisu: alƙalai suna cutar mu, kuma in mun je waje abin da ake mana ya fi haka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Alƙalanci a gasar nan yana da matsala, kowace ƙungiya tana da labarin fanaretin da aka ba masu masauki a ƙarin lokaci. Amma ban taɓa jin an sauya sakamako saboda an daki alƙali ba. Makinmu ake sauyawa. Ƙorafi yana da hanyarsa: hoton bidiyo, takarda zuwa NPFL, hukumar da ke shirya gasar ƙasa, magana da 'yan jarida. Aikinku ne ku bi wannan hanya da ƙarfi, kuma a ga kuna bin ta, ku fito ku ce mun rubuta a kan wasa kaza, ga amsar da aka ba mu. Saurayin da ya ga shugabanninsa sun yi shiru shi ne yake ganin sai ya rama da hannunsa. Haka nan duk jami'in ƙungiya da ya taso wa alƙali a bakin layi, ya sani dubban samari suna kallonsa, abin da ya yi da yatsa su da dutse za su ƙarasa shi.

Masu tayar da fitinar nan ba su da yawa, kuma ba daga sama suka faɗo ba. Dubban mutane ke shiga fili, 'yan tsiraru ne ke haura waya. Suna da unguwanni, suna da iyaye, suna da masu unguwa, kuma yau kowa yana da kyamara a aljihunsa. Amma duk lokacin da abu ya faru sai a ce "wasu ɓata-gari", a rufe magana, hukunci ya hau kan ƙungiya da kan talakan da ya sayi tikitinsa ya zauna lafiya. Ingilar da yaranmu ke kallo ta sha abin da ya fi namu muni. Bayan abin da ya faru a filin Heysel a 1985, inda mutum 39 suka mutu, shekara biyar aka hana ƙungiyoyinta shiga gasannin Turai. Cikin abubuwan da suka yi suka gyara akwai kafa kyamarori da hukunta mutum da sunansa, kotu ta hana shi shiga filin wasa na shekaru. Mu ma muna da kotuna. A kama mutum uku ko huɗu da hoto ya nuna, a gurfanar da su, a liƙa hotunansu a ƙofa cewa ba su ba shiga. Na san wasu za su zo da roƙo, ɗan wane ne, yaron wane ne. In kuka karɓi roƙon nan sau ɗaya, ku fara neman otal a Katsina tun da wuri.

Ƙungiyar magoya baya ma ku ba ta aiki bayan kaɗa ganga. Su suka san kowa. A zaɓi dattawa da samari masu hankali daga cikinsu, a ba su riga ta daban, a tsayar da su a sahu-sahu suna fuskantar 'yan kallo, a kuma biya su, domin aikin sa kai yana gajiya. Maganar dattijon da ka sani tun kana yaro ta fi kulkin ɗan sanda saurin zaunar da mutum. Kada kuma a sayar da tikiti fiye da abin da fili zai ɗauka, ko da wa za a buga.

Sannan babbar bukatata: a ware ɓangare guda na iyali. Ƙofar shigarsa daban, ta fitarsa daban, ba mai shiga sai wanda ya zo da yaro, da mata da 'yan mata masu son kallo, waɗanda suna nan da yawa, kunya da tsoron cunkoso ne ke zaunar da su a gida. Yaron da bai kai sha biyu ba ya shiga kyauta in yana tare da babba. A gyara banɗaki da wurin alwala a ɓangaren, tunda wasan ƙarfe huɗu kullum yana karo da la'asar. Kowane wasan gida a gayyaci makarantar firamare ɗaya ko biyu, a aika musu mota, malamansu su rako su. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44, kuma Pillars ba ta cikin birni kaɗai ba ce. Yaron Rano da na Bichi da na Gaya su ma kuɗin jiharsu ne ke riƙe da ita. Kuɗin tikitin da za ku rasa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya shiga kyauta yana ɗan shekara tara shi ne zai saya da kuɗinsa yana ɗan talatin, ya kuma zo da nasa ɗan.

Riga fa? A yau ya fi wa uba sauƙi ya samo wa ɗan shekara shida rigar Madrid a Kano da ya samo masa ta Pillars, a garin da yake da Kantin Kwari da teloli ba adadi. Ku ba da lasisi a ɗinka ta yara mai araha, ta shiga kasuwa ta shiga unguwanni, ko da ribar kaɗan ce. A kuma samu ɗaki guda, a Ƙofar Mata ko a filin Sabon Gari, a jera kofunan nan, a rataye hotunan 'yan wasan da suka je Alƙahira, da na Udoji, da na su Ahmed Garba Yaro Yaro da Sani Kaita, a riƙa buɗewa ranar wasa. Yaro yana son ya ga abu da idonsa kafin ya yarda da labarin babansa.

Za ku ce kuɗi. Ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, kuma na san yadda fitar kuɗi take da wuya. Amma ku tara tarar da aka biya daga 2019 zuwa yau, ku ɗora kuɗin mota da masauki na wasannin gida da aka buga a garuruwan wasu, ku ɗora kuɗin ƙofar da aka rasa. Kuɗin nan an riga an kashe su, a kan hukunci. Abin da nake roƙo bai kai su ba.

Kyaftin Ahmed Musa, ranka ya daɗe, kai ne aka naɗa janar manaja a 2025, don haka bari in keɓe ka da magana. Ka buga a Mosko, ka buga a Leicester, ka ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ka ci Iceland biyu a ta 2018. Sau nawa ka fito fili riƙe da hannun yaro kafin a take wasa? Ka ga yadda iyayensu ke zaune a sama hankali kwance suna ɗaukar hoto. Babu wanda ya fi ka sanin cewa tsara abin nan ake yi da gangan. Kuma babu wanda samarin Kano za su saurara kamar kai. In ka shiga unguwanni da kanka, kai da Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi, kuka zauna da matasa a majalisunsu kuka ce musu dutsen nan mu yake samu, maganar za ta shiga inda sanarwar ofis ba ta kaiwa.

Abin da nake jira daga gare ku ba mai yawa ba ne. Kafin wasan gida na gaba da za a buɗe wa 'yan kallo ƙofa, ku fito ku sanar da ƙofar da mai yaro zai bi, da ɓangaren da zai zauna, da wanda zai nema in wani abu ya taso, da kuma adadin mutanen da aka hana shiga saboda abin da suka aikata. Ku sanar a rediyo da Hausa, kada ku tsaya a Facebook, domin iyaye mata rediyo suke ji.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare mana 'yan wasa a kan hanya.

Wassalam.

Naku,
Wani magoyin baya daga Fagge, Kano.